Babi na Biyar: Saƙon da Ya Ƙi Tsayawa

Duk wanda ya taɓa fesa wa kyankyaso magani ya kuma tsaya yana kallonsa, ya san ba nan take yake mutuwa ba. Da farko sai ya zabura da gudu, can ya fara tangaɗi, ya faɗi rigingine, ƙafafunsa shida suna ta harbin iska ba da son ransa ba. A hankali karkarwar ta ragu, ya sandare. Maganin bai ƙona shi ba, bai huda shi ba. Jijiyoyinsa ne suka yi ta ba da umarni ba ƙaƙƙautawa, har jikin ya gaza ɗauka.

Abin da ya kamata ya tsaya wa mai kallo a rai shi ne, kayan aikin da maganin ya ɓata a jikin ƙwaron nan irinsu ne a jikin ɗan Adam. Sinadarin da jijiyar kyankyaso take aika saƙo da shi, da shi jijiyarka take gaya wa zuciyarka ta rage gudu, da shi take gaya wa ƙirjinka ya ja numfashi. Tazarar da ke tsakaninmu da ƙwaron tana nan, amma ba ta kai yadda masu feshi suke zato ba, kuma faɗinta ya danganta da irin maganin da ke cikin kwalbar.

Jijiyoyin da muke magana a kansu su ne masu fitowa daga ƙwaƙwalwa da laka, ba na jini ba. Saƙo yana bi ta cikinsu ne da lantarki. A jikin kowace jijiya akwai ƙananan ƙofofi da suke buɗewa gishirin sodiyam ya kwarara ciki, su sake rufewa cikin kusan kashi ɗaya cikin dubu na daƙiƙa, ta gaba ta karɓa. A manyan jijiyoyi saƙon yakan yi gudun mita 100 a daƙiƙa guda. Sai dai idan ya kai ƙarshen jijiyar, lantarkin ba shi da hanyar wucewa, domin jijiya ba ta taɓa tsokar da take yi wa umarni. Akwai wata 'yar rata a tsakani, wadda silin gashin kai ya fi ta kauri sau fiye da dubu. A nan sai bakin jijiyar ya tofar da wani sinadari, ya haye ratar, ya zauna a kan wasu makarɓai da ke jira a ɗaya gefen. Da zarar ya zauna, tsoka ta motsa, ko yawu ya zubo, ko wata jijiyar ta ɗauki saƙon ta yi gaba.

An daɗe ana gardama a kan ko haka abin yake. Wani Bature ɗan Ingila, John Langley, ya yi hasashen samuwar makarɓan tun 1905, bayan ya ga yadda nikotin na taba yake motsa tsoka ko da an yanke jijiyarta. Otto Loewi ne ya raba gardamar a 1921 a birnin Graz na Ostiriya, da zukatan kwaɗi guda biyu. Ya tsokani jijiyar ta farko har bugunta ya ragu, ya ɗebi ruwan da take ciki ya zuba wa ta biyu, wadda ba a taɓa jijiyarta ba. Ita ma sai ta rage gudu. Ashe wani abu ne jijiyar ta zuba a ruwan. Sunan abin asitilkolin, kuma a kansa Loewi da Henry Dale suka sami kyautar Nobel a 1936.

Dale ya riga ya lura tun 1914 cewa wannan sinadari makarɓai iri biyu gare shi, kuma a riƙe wannan da kyau, don duk labarin guba da maganinta a kansa ya rataya. Iri na farko yana kan zuciya, da hanji, da mafitsara, da hanyoyin iska na huhu, da ido, da duk inda jiki yake fitar da ruwa: yawu, hawaye, zufa, majina. Ana kiransa mai karɓar muskarin, saboda gubar wata laimar kwaɗi da take motsa shi. Iri na biyu, mai karɓar nikotin, yana kan tsokokin da muke motsawa, har da waɗanda muke numfashi da su. Ƙwaƙwalwa kuwa tana da duka biyun.

Saƙo ba ya zama saƙo sai in yana da ƙarshe. Odar mota in ta maƙale a tsakiyar cunkoso, babu wanda ya san abin da direban yake nufi kuma, sai ƙara kawai. Saboda haka a cikin ratar nan akwai wani furotin mai suna kolinestares, wanda aikinsa ɗaya ne: ya tsinka asitilkolin gida biyu da zarar ya isar da saƙonsa. Ƙwaya ɗaya ta wannan furotin tana tsinka dubbai a daƙiƙa guda, tana cikin mafiya sauri da aka sani a jikin mai rai. Shi ne abin da maganin ƙwarin da ake kira fiya-fiya yake kamawa.

Tarihin wannan guba ya ratsa ta Najeriya, ko da yake ba a cika faɗa ba. A ƙasar Kalaba, Efik suna da wani wake da suke kira esere, da shi a da ake yi wa wanda ake zargi da maita shari'a. A daka a ba shi ya sha. In ya amayar ya rayu, an wanke shi. In yawu ya dinga dalala, jiki ya ɗau rawa, numfashi ya tsaya, to laifi ya tabbata. 'Yan mishan suka kai waken Edinburgh, inda wani likita mai nazarin guba, Robert Christison, ya tauna guntunsa a 1855 don ya ji yadda yake. Da ya ji abin ya fi ƙarfinsa sai ya kwankwaɗi ruwan sabulun da ya yi aski da shi don ya yi amai, da kyar ya tsira. A 1864 aka tace sinadarin da ke cikin waken, kuma daga baya Loewi ya nuna cewa kolinestares yake toshewa. Dangin maganin ƙwari da ake kira kabamet a kan fasalinsa aka gina su. Cikinsu akwai furofoksa, wanda aka fesa a bangon ɗakunan ƙauyukan Garki, a Jigawa ta yau, lokacin babban binciken zazzaɓin cizon sauro na farkon shekarun 1970.

Ɗaya dangin, wanda ya fi muni, daga Jamus ya fito. A ƙarshen 1936 Gerhard Schrader, ma'aikacin kamfanin IG Farben, yana neman maganin ƙwarin gona, sai ya haɗa wani sinadari mai fosfaras wanda ɗigonsa kaɗan a ɗakin gwaji ya tsuke masa ido ya toshe masa ƙirji, shi da mataimakinsa. Soja suka karɓe shi, ya zama tabun, gubar yaƙi. A 1938 aka sami sarin. Bayan Yaƙin Duniya na Biyu sai aka fito da 'yan uwansu masu sauƙi aka kai gona: faratiyon, malatiyon, da dikulobos wanda ya shiga kasuwa a farkon shekarun 1960. Dikulobos ɗin nan shi ne DDVP da ake gani a jikin kwalbar Sniper, shi ne kuma abin da galibi ake ɗurawa a ƙananan kwalabe marasa takarda ana sayarwa a tasha da sunan fiya-fiya. Bai kai sarin ƙarfi ba ko kusa, amma wurin da suke kamawa a jiki ɗaya ne.

Ga yadda abin yake faruwa. Gubar takan shiga ta baki, ko ta numfashi, ko ta fata, don tana narkewa a maiƙo, fata kuwa ba ta tare ta. In ta isa ga kolinestares sai ta shiga daidai gurbin da asitilkolin yake shiga a tsinka shi, ta liƙa masa guntun fosfaras ɗinta, ta bar shi a toshe. Jijiyoyi ba su san an yi haka ba, suna ci gaba da tofar da sinadarinsu, babu mai kwashewa. Makarɓan ba su lalace ba, lafiyarsu ƙalau. Ana dai ta danna su ne ba hutu.

Makarɓan muskarin su ne suke fara nunawa. Ɗigon baƙin da ke tsakiyar ido ya tsuke ya koma kamar tsinin allura, mutum ya ce duniya ta yi masa duhu. Mutanen da sarin ya shafa a jirgin ƙasa na ƙarƙashin birnin Tokyo a watan Maris na 1995, da yawansu abin da suka fara faɗa ke nan, alhali da safe ne. Yawu ya cika baki yana zuba, hawaye da majina su ɓalle, riga ta jiƙe sharkaf da zufa. Ciki ya murɗa, amai da gudawa su zo tare, fitsari ya kuɓuce. Zuciya ta rage bugu. Mafi hatsari shi ne abin da ba a gani: hanyoyin iska na huhu suna tsukewa, a lokaci guda kuma suna cika da ruwa. In ka kara kunne a ƙirjin mutumin za ka ji yana kurkurar ruwa. Nutsewa yake yi, a kan tabarma, cikin ruwan jikinsa.

Makarɓan nikotin nasu salon daban ne. Da farko za ka ga naman jiki yana motsi ƙarƙashin fata, a fatar ido, a harshe, a dantse, ƙananan tsalle-tsalle da mai jikin ba zai iya hanawa ba. Amma wannan makarɓi in aka matsa masa da yawa sai ya daina amsawa gaba ɗaya. Tsokar da ta gama rawa sai ta saki. In sakin ya kai ga faffaɗan naman da ke ƙarƙashin huhu, wanda yake jawo iska, to numfashi ya tsaya ko da huhun a bushe yake. A ƙwaƙwalwa kuma ga ruɗewa, ga jijjiga, ga suma, kuma cibiyar da ke ba da umarnin numfashi ita ma tana iya yin shiru. Hanya uku ke nan zuwa wuri ɗaya. Yara ashirin da uku da suka mutu a wata makarantar firamare a jihar Bihar ta Indiya a watan Yulin 2013, abincin rana suka ci wanda aka dafa da man da aka zuba a mazubin irin wannan magani.

Sanin makarɓan nan biyu shi ya ba likita makami. Allurar atirofin tana zuwa ta zauna a kan makarɓin muskarin ta tare gurbin, ba tare da ta motsa shi ba. Asitilkolin yana nan tuli, amma ya rasa wurin zama. Likita yakan yi ta ƙara allurar, wani lokaci ninki da yawa na abin da ake ba mai wata cutar, yana sauraron ƙirji har ya ji ya bushe, bugun zuciya ya dawo. Tun wajen 1870 Thomas Fraser ya nuna a Edinburgh cewa atirofin yana karya gubar waken Kalaba, shekaru hamsin kafin a san dalili.

Mu ma mun san dangin atirofin, domin yana cikin zaƙami. Duba wanda ya sha zaƙami: baki a bushe, ido a buɗe tar, jiki zafi babu zufa, zuciya na dukan uku-uku, yana surutai da waɗanda ba kowa ke ganinsu ba. Kishiyar mai fiya-fiya ke nan, alama bayan alama, don wannan an toshe masa makarɓan ne, wancan kuwa an cika masa su. Kada wani ya ɗauka wannan dabara ce ta gida. Babu mai iya auna abin da ke cikin 'ya'yan zaƙami, kuma wanda aka ɗura wa shi a kan wata gubar an gudu ne ba a tsira ba.

Atirofin ma kansa rabin aiki yake yi, don ba ruwansa da makarɓin nikotin. Mutum yana iya bushewa sarai, tsokar numfashinsa kuma ta ci gaba da mutuwa. Akwai magani na biyu, firalidoksim, wanda Irwin Wilson ya ƙirƙiro a Jami'ar Columbia a tsakiyar shekarun 1950, mai ɓamɓare fosfaras ɗin daga jikin kolinestares. Sai dai yana da wa'adi: in aka jima, liƙin yakan ƙara ƙarfi har ya zama ba ya ɓamɓaruwa, sai jiki ya ƙera sabon furotin. Kuma likitoci biyu a Siri Lanka, Senanayake da Karalliedde, sun bayyana wani abu a 1987 da ya kamata duk mai jinya ya sani. Kwana ɗaya zuwa huɗu bayan gubar ta shiga jiki, an ga kamar mutum ya farfaɗo, yana magana, yana neman abinci, sai wuyansa ya kasa ɗaga kai daga matashi, daga nan numfashi ya gaza. Wanda 'yan uwa suka matsa aka sallame shi da wuri, a gida abin zai same shi, inda babu na'urar da za ta yi numfashi a madadinsa.

A nan ne al'adar ɗura wa mutum manja ko madara, ko sa masa yatsa a maƙogwaro, take yin ɓarna. Manja ba ya zuwa ratar jijiya, ba abin da zai yi a can. Mutumin da hankalinsa ya fara gushewa, ƙirjinsa cike da ruwa, in aka ɗura masa abu ko aka sa shi amai, huhu zai tafi, tare da man da aka narkar da gubar a ciki, wanda shi kansa yana ƙona huhu. Abin da ke da amfani kaɗan ne kuma ba ya buƙatar kuɗi: a fitar da shi iska, a tuɓe kayan da suka jiƙe, a wanke fata da ruwa da sabulu, a kwantar da shi ta gefe, a nufi asibiti da kwalbar a hannu.

To me ya sa ƙwaro yake mutuwa, mai feshi kuma yakan koma gida da ƙafarsa? Girman jiki na ciki, amma babban mai tsaronmu hanta ce. Malatiyon misali ne mai kyau. Shi kansa ba ya kama kolinestares sosai sai jiki ya sauya shi. Jikin ƙwaro yana saurin mayar da shi mugun, hantar mutum kuwa tana da abin da ke farfasa yawancinsa kafin ya kai ga haka. Dikulobos ba ya jiran a sauya shi, a shirye yake shigowa, ga shi yana tashi a iska. Jiki yana farfasa shi da sauri, gaskiya ne, amma na kwalbar gona mai kauri ne ƙwarai, an yi shi don a tsarma a ruwa mai yawa a fesa a fili. Wanda ya yayyafa shi tsantsa a ɗaki saboda kuɗin cizo, ya rufe ƙofa da taga, ya kwantar da yara, ya kawar da duk tazarar da ta rage. Haka wanda ya zuba shi a buhun wake. Tarayyar Turai ta dakatar da sayen busasshen wake daga Najeriya a 2015 saboda shi: iyakarsu miligiram 0.01 a kilo, an kuwa sami wanda ya kai 4.6. Waken da ba a fitar ba, mu muka ci. A 2019 hukumar NAFDAC ta hana sayar da ƙananan kwalabensa a kasuwanni da kantuna.

Masu feshin haya suna da wata magana: "Ai jikina ya saba." Akwai gaskiya a ciki, kuma gaskiyar ce abin tsoro. In asitilkolin ya yi ta yawa kullum, jiki yakan rage adadin makarɓan muskarin, sai ciwon kai da tashin zuciya da yawan zufar da mutum yake ji a farkon damina su ragu. Amma kolinestares ɗinsa yana nan a ƙasa, wanda ke cikin jini ma makonni yake ɗauka kafin ya cika, feshin gobe kuma a kan ragowar na jiya zai hau. Alamar gargaɗin ce ta tafi. Sabo turken wawa.

Ba duk maganin ƙwari ne yake bin wannan hanya ba, kuma rashin adalci ne a yi musu kuɗin goro. Wanda ke jikin gidan sauro, da yawancin igiyar leƙo da gwangwanin feshi na ɗaki, dangin firetirom ne, wanda asalinsa furen wani tsiro ne da ake nomawa a Kenya. Michael Elliott da abokan aikinsa a Rothamsted ta Ingila suka ƙera irinsa masu jure rana a farkon shekarun 1970. Su ƙofofin sodiyam suke kamawa su hana su rufewa da wuri, sai jijiya ta yi ta maimaita saƙo ɗaya.  A nan tazararmu da ƙwaro mai faɗi ce: ƙofofinmu ba sa riƙe maganin kamar nasu, ɗumin jikinmu yana rage masa ƙarfi, fata ba ta shan sa sosai, hanta kuma tana gamawa da shi da wuri. Zafi da ƙaiƙayin fuska da mutane suke kuka da shi in sun kwana a sabon gidan sauro gaskiya ne, ƙananan jijiyoyin fata ne suke maimaita saƙo, kuma yakan wuce cikin sa'o'i. Shi ya sa ake cewa a shanya shi a inuwa kwana guda kafin a ɗaura. Wanda ya jefar da gidan sauro saboda wannan ya yi mugun ciniki: wani babban bincike na 2015 ya ƙiyasta cewa an kauce wa kamuwa da zazzaɓin cizon sauro sau miliyan 663 a Afirka daga shekarar 2000, kuma kusan kashi biyu cikin uku na wannan gidan sauro ne ya yi shi.

Gamalin, wanda aka daɗe ana zubawa a ruwa don kama kifi, shi da endosalfan na gonar auduga, wani makarɓi suke toshewa a ƙwaƙwalwa, na sinadarin GABA, wanda aikinsa kwantar da jijiyoyi. In aka toshe shi babu mai tsawatarwa, sai jijjiga mai tsanani, sau da yawa ba tare da wani gargaɗi ba, kuma atirofin ba ya yi mata komai. Yarjejeniyar Stockholm ta sa sinadarin Gamalin cikin jerin haramtattu a 2009, endosalfan a 2011. Sababbin da ake kira dangin nikotin, irin su imidakulofirid da ya fito a 1991, kai tsaye suke zama a kan makarɓin nikotin, amma an ƙera su daidai da fasalin na ƙwaro, namu ba ya riƙe su sosai. Ƙudan zuma ne suka ɗanɗana kuɗarsu, har Tarayyar Turai ta hana fesa uku daga cikinsu a fili a 2018.

Akwai sauran wani ɓangare da ba ya kai kowa asibiti a ranar. A cikin mahaifa, asitilkolin ba saƙo kawai yake kaiwa ba, yana cikin abubuwan da ke nuna wa ƙwayoyin ƙwaƙwalwa inda za su tafi da wanda za su haɗu da shi. Jariri kuma furotin ɗin jini da ke farfasa wasu daga cikin waɗannan gubobi kaɗan gare shi, sai ya yi shekaru kafin ya kai na babba. Masu bincike a Jami'ar Columbia sun bi sawun mata masu ciki a unguwannin New York tun ƙarshen shekarun 1990, lokacin da ake fesa kulofirifos a gidaje saboda kyankyaso. Sun auna shi a jinin cibiya, suka jira. Da yaran suka kai shekara bakwai, waɗanda aka sami maganin da yawa a jininsu sun fi rauni a gwajin riƙe abu a ka da na kaifin basira. Babu uwar da ta suma, babu wadda yawu ya zubo mata. Kamfanonin da ke yin maganin sun ƙalubalanci binciken, an kuma yi shekaru ana ja-in-ja a kotunan Amurka. Amurka dai ta janye shi daga amfanin gida tun farkon shekarun 2000, Tarayyar Turai kuma ta hana shi gaba ɗaya a 2020, a gida da gona.